Koya wa yaro sauraron zuciyarsa a intanet

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 10 yana hira da baƙi a wasannin waya, dokokin da kika kafa kuma ba sa kama shi. Na sha irin wannan da 'yata.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na ce mata: duk saƙon da ya sa gabanki ya faɗi, ko kunya ta kama ki, ko aka ce "kada Mama ta sani", ajiye wayar ki zo. Sai dai ba tsoro kaɗai ba. Masu yaudarar yara da daɗin baki suka fi shigowa, ga yabo ga kyauta, don haka baƙon da ya faranta rai da wuri shi ma abin tuhuma ne.

Kuskurena, ran da ta kawo ƙara sai na ƙwace wayar. Ta daɗe ba ta sake faɗa mini komai ba. Ke ki fara da gode masa.

Facebook da TikTok dai sai mai shekara 13. In an nemi hotonsa ko an yi masa barazana, kada ki goge saƙonnin, kai wa 'yan sanda. In barci ya gagare shi, ku ga likita.