Amsa: Ina asalin sunan Patel, kuma yaya ya bazu a duniya?

Malam, ka tambaya ko duk masu sunan Patel dangin juna ne. A'a. Asalinsa sarauta ce a jihar Gujarat ta yammacin Indiya: patel shi ne mai gari, mai riƙe lissafin gonaki da tara haraji. Daga baya manoman da ake kira Patidar, musamman rassan Leuva da Kadva, suka mayar da shi sunan iyali. A jihar Maharashtra mai maƙwabtaka da Gujarat kuma Patil ake cewa. Yawancin masu sunan Patel mabiya addinin Hindu ne, amma akwai Musulmi da yawa a yankin Bharuch na Gujarat.

A zamanin mulkin Turawan Ingila da yawa sun ƙaura zuwa Kenya, Yuganda da Tanzaniya, suna fatauci da aikin akawu. A 1972 shugaban Yuganda Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Yuganda, dubbai suka sauka Ingila, musamman Leicester da arewa maso yammacin Landan. A Amurka, dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe musu ƙofa, suka kama sana'ar ƙananan otal-otal na bakin hanya, ɗan uwa na jawo ɗan uwa.

In zuriya kake nema, sunan Patel kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, nan ne mutane ke ɓata. Nemi sunan ƙauyen asali, misali Dharmaj, Karamsad ko Sojitra, sannan ka duba suna na tsakiya, domin Gujaratawa sunan uba suke sawa a wurin.