Tambaya da Amsa: Fadar Gorkha ta ƙasa ta isa a yi tafiya dominta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan je wani taro a Kathmandu, babban birnin Nepal, a watan Oktoba, kuma ina da rarar kwana ɗaya. An ce min in leƙa garin Gorkha, wai akwai fada a saman dutse da wata a ƙasa da aka mayar gidan tarihi. Gwiwoyina ba su da ƙwari yanzu, shin ta ƙasan kaɗai ta isa?
Wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Ta isa wallahi, kai ni ko mai ƙafar barewa ne ya tambaye ni cewa zan yi ya fara da ita.

Sunanta Tallo Durbar, wato fadar da ke ƙasa, an gina ta a 1835, sai a 2008 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, shekarar da Nepal ta soke sarauta gaba ɗaya. Ginin jan bulo ne irin aikin mutanen Newar, ƙabilar kwarin Kathmandu, kuma don Allah kar ka yi saurin shigewa ciki, ka ɗan tsaya a tsakar gidan ka ɗaga kai ka kalli tagogin katakon nan da sandunan da suka tallafi rufin, an sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya da hannu, furanni da tsuntsaye da siffofin abin bautarsu, katakon ya yi baƙi don tsufa amma zanen na nan raɗau. A wurina wannan sassaƙar ta fi kayan da ke cikin gilas ɗaukar hankali. Ciki kuma akwai tsoffin makamai da kayan amfani da zanen hotunan sarakunan gidan Shah, gidan da ya mulki Nepal.

Abin da ya sa na nace kan nan shi ne, sai ka san labarin sannan dutsen zai yi maka ma'ana. A Gorkha aka haifi Sarki Prithvi Narayan Shah a 1723, ɗan ƙaramin garin nan ya fito da shi, ya yi ta yaƙi shekara da shekaru har ya ci Kathmandu a 1768, daga nan aka samu Nepal ɗin da ake gani yau. Sojojin Gurkha da ke aiki da rundunar Ingila ma daga nan sunansu ya samo asali.

Ta saman fa matakala kusan 1,500 ce, kar ka gwada da wannan gwiwa. Ka ɗauki tasi, akwai hanyar mota da ke kaiwa kusa, sai ɗan hawa kaɗan. Wurin ibadar Hindu ne har gobe, akwai ɗakin bautar Kalika, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ba a shiga da takalmi ko bel na fata, kuma wanda ba Hindu ba daga waje yake tsayawa. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, wadda cibiyarta ke Barpak a gundumar Gorkha, ta taɓa ginin sosai. In gari ya yi garau za ka hango dutsen Manaslu mai tsayin mita 8,163 fari fat, kuma Oktoba lokacinsa ne don damina ta ɗauke.

Kwana ɗayan ne dai ke damuna. Tafiyar wajen kilomita 140 ce ta titin Prithvi, a Abu Khaireni ake ratsewa a hau sama, hanyar duk kwana-kwana ce da manyan motoci, awa biyar ba abin mamaki ba ne. In za ka iya ka tafi da yamma ka kwana can. Ka kauce wa Talata don ranar gidajen tarihin gwamnati ke hutu, ka riƙe kuɗin Nepal (rupee) a hannu na tikiti, sannan in fasfon Najeriya gare ka ka nemi biza tun kafin ka tashi, ba a ba mu a filin jirgi.