Amsar murya: galla ba 'yar ƙudan zuma ba ce

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam, na ga hoton da ka turo daga Daura, na ƙananan ƙwarin da ke shiga tsagar katanga ta wani ɗan bututu, kana tambaya ko 'ya'yan ƙudan zuma ne, a barsu su girma a kai su amya. To, ba za su girma ba. Ƙudan zuma kusan mako uku take yi daga ƙwai ta fito ma'aikaciya, kuma yadda ta fito haka za ta mutu. Wannan galla ce.

Ƙudan da muke kafa wa amya a kan gawo da tsamiya, masana na kiranta Apis mellifera adansonii. Wani Bafaranshe, Latreille, ya raɗa mata sunan a 1804, don girmama Adanson da ya yi bincike a Senigal. Daga Senigal har Kwango ita ce, kuma ta fi yawa inda ruwa ya wadata, kamar Funtuwa da Bakori. In aka nausa arewa, can Sahel, Chadi zuwa Sudan har Yaman, akwai 'yar'uwarta jemenitica, ƙarama, mai jure fari. Suna barbarar juna inda suka haɗu, don haka kada kowa ya ce maku ya rarrabe su da ido, sai an auna fiffike.

Galla kuwa gida ɗaya suke da ƙudan zuma a lissafin masana, Apidae, amma ɗaki daban, Meliponini, marasa harbi. Irin wannan ƙaramar mai son tsagar bango da kogon itace galibi Hypotrigona ce, tsawonta milimita 2 zuwa 3. Ita ce mai damun mutum a ido da kunne in ya yi gumi. Ba ta saƙa irin ta zuma. Ɗakunan 'ya'yanta a cure suke kamar ƙwayar gero, zumar kuma cikin 'yan tukwane na kaki.

In ka zuba ta a amya ka kashe ta, fili ya yi mata yawa, ba za ta iya tsare shi ba. Ƙaramin akwati za ka samu, kamar lita 2, ko gora mai kauri. Ka ɗauko curin 'ya'yan gaba ɗaya, kada ka kifa shi, sarauniya na ciki. Ka ɓallo bututun ƙofar ka manna a sabon ramin, ƙamshinsa ke jawo masu kiwo su dawo. Akwatin ya wuni a wurin tsohon gidan, sai da dare a ɗauke. Hayaƙi ba ya da amfani nan.

Inda ake asara shi ne tukwanen da suka fashe. Warinsu na kiran kiyashi da wasu ƙananan ƙudaje masu zuba ƙwai, kwana kaɗan tsutsa ta cinye gidan. Duk tukunyar da ta fashe kada ta shiga akwati, kuma a liƙe kowace kafa da laka.

Zumar da sirinji ake zuƙe ta, ba a matsewa. Kaɗan ce ƙwarai, kuma tana da tsami-tsami, don ruwanta ya wuce kashi 20 cikin 100 da ake so a zumar amya. In ka toshe ta a kwalba cikin zafin Afrilu za ta yi kumfa, sai firji. In katangar ta laka ce mai ɗauke da azara, wallahi gara ka bar su inda suke, Malam.