Amsa: Shin gutsirewar kuromosom na 18 na nufin kansar hanji za ta dawo?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya ko ɓacewar 18q, wato dogon reshen kuromosom na 18 (kuromosom su ne ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki), a ƙarin da aka cire masa daga babban hanji na nuna cutar za ta dawo. Shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba.

Akasarin kansar babban hanji na tasowa ne ta hanyar rikicewar kuromosom: wani reshe ya gutsire, kamar 18q da 17p da 8p, wani ya ninka, kamar 20q. A 18q ne ƙwayar gado SMAD4 take, mai taka wa yaɗuwar ƙwayoyin jiki birki, wata irinta TP53 kuma tana 17p. Wani bincike na 1994 ya nuna masu mataki na 2 da suka rasa 18q sun fi shan wahala, amma binciken da aka yi daga baya bai daidaita a kan haka ba, shi ya sa likitoci ba sa gina magani a kansa.

Abin da ya fi nauyi shi ne matakin cutar, da ko an duba kaluluwa (lymph nodes) aƙalla 12, da gwajin furotin huɗu: MLH1, MSH2, MSH6, PMS2. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu wannan kansar, ƙarinsu ya rasa ɗaya ko fiye daga ciki. A mataki na 2 waɗannan sun fi warkewa, kuma maganin kansa 5-FU shi kaɗai ba ya musu amfani.

A kula kuma, in naman da aka cire ya daɗe cikin fomalin, ruwan da ake adana shi a ciki, ko lafiyayyun ƙwayoyi sun rinjayi na ƙarin, sakamakon 18q kan fito ba daidai ba.