Tambaya da amsa: tsohuwar amfilifayar jita mai transista, a riƙe ta ko a yar?

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi da Ankara da duk inda ake karanta mu. Yau waya da kwamfuta za su ɗan jira mu, don tambayoyi sun taru a kan amfilifayar jita irin ta da, mai transista, wato 'yan ƙananan kayan lantarkin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikinta, kuma yawancin masu tambayar samarinmu ne na zango masu kiɗa a biki da suna. Bismillah.

Tambaya: Masta, na sayi Peavey Bandit 65 homyus, wato ta hannu, a Adum, tana aiki lafiya, amma abokaina sun ce tsohon yayi ce, in ba mai bawul ba ce ko ta zamani mai kwamfuta a ciki to asarar kuɗi na yi. Gaskiya ne? Daga wani ɗan'uwa a Aboabo.

Amsa: Ƙanina ba ka yi asara ba, ka riƙe abinka da kyau. Wannan Bandit 65 a shekarun 1980 aka yi ta, a Meridian da ke jihar Mississippi ta Amurka inda Hartley Peavey ya kafa kamfaninsa a 1965, wat 65 ce da sifika ɗaya mai inci 12, kuma ka duba da kanka yau shekara nawa amma ga ta tana magana a ɗakinka, wayar da ke aljihun abokanka wacce ce za ta kai rabin wannan?

Raina mai transista da ake yi yana da asali. Lokacin da Fender suka fitar da nasu na farko a 1966 ba su karɓu ba, sautin bai gamsar da mutane ba kuma suna yawan lalacewa, daga nan sunan ya ɓaci har ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sannan mai bawul, wato mai waɗancan ƙwayayen gilashin da ke yin ja idan sun ɗau zafi, idan ka matsa mata sautinta yana dishewa a hankali cikin daɗi, ita kuwa transista tana tafiya tas tas har ta kai iyakarta sai ta yanke saman sautin kaf ɗaya, kunne ya ji kaushi. Masu kiɗan rok na Turai wannan dishewar suke nema, to mu nan me muke kaɗawa? Hailaif da kiɗan biki, jita mai tsabta da ake son a ji kowace tsirkiya daban, kuma a nan transista ba ta da abin kunya ko kaɗan. Roland JC-120 da ta fito a 1975 transista ce zalla, har gobe ana ƙera ta ana sayarwa saboda tsabtar sautinta. B.B. King ya daɗe yana kiɗa da Lab Series L5, ita ma transista. Ga shi ba ruwanka da sayen bawul, ba ka jira ta yi ɗumi, ka sa ta bayan taksi daga Aboabo zuwa Tafo ta sha gargada ta iso lafiya. Abu ɗaya dai, kar ka murɗa ta har ƙarshe, ka tsaya inda sautin yake da tsabta, in kana son dishewa ka nemi feda, ɗan akwatin canja sauti da ake takawa da ƙafa, ka sa a gabanta.

Tambaya: Yayana ya aiko min da amfilifaya daga Amurka, na jona a soket sai na ji tas, fitilarta ta mutu. Wani ya ce in naɗa waya a wurin fiyus ɗin za ta tashi. Daga Asawase.

Amsa: Don girman Allah kar ka naɗa komai. Wannan tambayar ita ta fi damuna a duk na yau, don ita ce ke kashe amfilifaya a garin nan fiye da tsufa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu ta Gana da kamfanin wuta ECG ke kawowa 230, kenan ka ɗura mata kusan ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. In Allah ya taimake ka fiyus ne kaɗai ya ƙone, aikinsa kenan, ya mutu don sauran su tsira, in ka maye gurbinsa da waya ko takardar sigari mai ƙyalli ka sake jonawa to taransifomar ciki ce za ta ƙone, kuma ita ce mafi tsada da wuyar samu a duk akwatin, ban da haɗarin gobara a ɗakin da mutane ke kwana.

Ka juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga. In ka ga 120V ko 117V sai ka sayi taransifomar rage wuta wadda muke cewa sitef-dawun, kuma a nan mutane ke kuskure, suna duba wat ɗin sautin, alhali wat ɗin wutar da take ci za a duba, shi ma yana nan a rubuce a baya kuma ya fi na sautin yawa. Ka sayi wadda ta ninka wannan lambar, mai nauyi mai ƙarfe a ciki, ba 'yar ƙaramar nan marar nauyi ta matafiya ba. Wasu tsofaffin suna da maɓallin zaɓen bolt a baya, in taka tana da shi a mayar 230 ko 240 a sa fiyus ɗin da ya dace da hakan. Amma tunda an riga an jona, ka kai wa mai gyara ya auna kafin a sake ba ta wuta. Kuma ka sani wutarsu 60 take bugawa a daƙiƙa tamu 50, don haka taransifomarta za ta fi ɗaukar zafi a nan, kar ka manna bayanta da bango.

Tunda muna maganar wuta, wanda ya ga dumso, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ya san abin da dawowar wuta ke yi wa kaya. An ɗauke, ka kashe amfilifaya ka zare filogi, an kawo, ka bari ta zauna tukuna. A wurin biki kuma kar ka jona kafin a ta da janareta, sai ya daidaita, in kana da sitabilaiza ka bi ta cikinta.

Tambaya: Tawa in na murɗa boliyum sai ta yi ta ƙarar ƙurrr, wani lokaci kuma ina cikin kiɗa sauti ya ɗauke sai na buga mata hannu ya dawo. Mai gyara ya ce a canja bod, wato allon da kayan cikinta ke kai, gaba ɗaya. Daga Sawaba.

Amsa: Abokina kar ka yi saurin yarda, abin da ka faɗa datti ne ya fi kama da shi. Ƙurar hunturu tana shiga cikin abin murɗawar nan ta zauna a kan layin da ɗan ƙarfen ke gogawa, damina kuma ta zo da raɓa da tsatsa. Akwai feshi na musamman na wanke mahaɗar lantarki, masu sayar da kayan rediyo sun san shi, a fesa kaɗan a ciki a murɗa gaba da baya sau da yawa, sau tari shike nan. Ban ce kananzir ba, ban ce man inji ba.

Ɗaukewar sautin kuwa, duba bayanta ko akwai ramuka biyu da aka rubuta Send da Return, a wasu Preamp Out da Power Amp In. A cikin ramin akwai 'yar mahaɗa da sautinka ke bi ta kai ko da ba ka sa komai ba, shekara da shekaru ba a taɓa ta sai ta yi tsatsa ta riƙa katsewa. Gwajin ba ya cin sidi ko ɗaya, ɗauki gajeren kebul na jita ka haɗa ramukan biyu, in ɗaukewar ta daina ka kama ɓarawon, a wanke ramin ko ka bar kebul ɗin a wurin ka ci gaba da kiɗanka. In bai daina ba sai a duba dalmar da ta riƙe ramin da kake sa jita, yawan sawa da zarewa yana tsaga ta, a sake narka ta. Kuma kafin duk wannan ka gwada wani kebul ɗin, don shi ya fi kowa laifi. Daɗin waɗannan tsofaffin shi ne kayan cikinsu manya ne ana ganinsu da ido, mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya canja guda ɗaya ba sai an yar da bod ba, kayan kuma ana samu a Adum, in kana Ankara ka leƙa Zongo Lane.

Tambaya: Gurnani take yi huuum ko ban taɓa jita ba.

Amsa: Zare jitar gaba ɗaya ka mayar da boliyum sifili. In gurnanin ya tafi, matsalar daga waje take, kebul ne ko jitar ko fitilar kusa ko soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, kuma gidajen haya da yawa a zango haka suke, ƙafa uku a ido amma ta ukun ba a haɗa ta da komai ba. Kar ka karya ƙafa ta uku ta filogi wai don gurnani, tsirkiyar jitarka a haɗe take da jikin amfilifayar, ranar da wuta ta zube ciki ta hannunka za ta bi, musamman in leɓenka ya taɓa makirfo.

In kuwa gurnanin yana nan ko boliyum na sifili, to manyan kafasita masu tace wuta ne suka gaji, akwai ruwa a cikinsu da ke bushewa bayan shekara 20 zuwa 30, zafin ƙasarmu kuma yana hanzarta abin. Canja su ba wani babban aiki ba ne a wurin gwani, amma kai kar ka buɗe, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Idan kuma gurnanin mai ƙarfi ne ƙwarai ka ga takardar sifika ta turo gaba ko ta shige ciki ta tsaya, kashe nan take, transistar fitar da sauti ce ta harbe tana tura wuta kai tsaye cikin sifika, 'yan daƙiƙu sun isa su ƙona ta.

Tambaya: Malam, ɗana yana so ya riƙa ɗaukar kiɗansa a waya ko laftof yana sawa a TikTok, ta ina zai jona? Daga wata uwa a Nima.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya shi. Abu na farko ki gaya masa, ramin da aka rubuta Speaker ko Ext Speaker haram ne ga waya da kwamfuta, ƙarfin da ke fita ta nan na tura sifika ne, zai ƙona masa kaya. Hanya mafi sauƙi kuma wallahi sau da yawa ta fi daɗi, ya ajiye wayar nesa kaɗan da gaban sifika, kamar kamu biyu zuwa uku, ɗan gefe ba tsakiya ba, ya rage ƙara don makirfon waya ba ya son hayaniya. In yana son aiki mai kyau sai ya sayi ɗan akwatin sauti mai USB, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer, ya ɗauko daga Line Out ko Preamp Out ya shiga da shi. Sai dai zai ji sautin ya yi tsini ba kamar yadda yake ji a ɗaki ba, dalili sifikar jita ba ta fitar da sauti mai tsini sosai, wajen bugu 5,000 a daƙiƙa take tsayawa, ita ke tausasa shi, to tunda an tsallake ta sai ya sa manhajar da ke kwaikwayon sifika a kwamfutar, akwai na kyauta. In ya ji tsiii ko gurnani bayan ya haɗa, ya zare cajar laftof ya yi da batir ya gani. Wayar kuma ya sa ta a yanayin jirgi, don neman sabis da take yi yana shiga cikin amfilifaya ya yi tit-tirit a tsakiyar ɗauka.

Tambaya: Zan iya ƙara sifika biyu na sitiriyo a jikinta don ta cika fili a wurin biki? Kuma wani lokaci mai jitar bes yana aron ta.

Amsa: Bes dai a'a, a hankali a ɗaki ba laifi amma a fili zai yaga maka sifika, ba don wannan nauyin aka yi ta ba kuma yawancinsu bayansu a buɗe yake.

Ƙarin sifika kuma lissafi ne. A bayanta an rubuta mafi ƙarancin om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, da take ɗauka, galibi 4 ko 8. Sifika biyu masu om 8 in ka haɗa su gefe da gefe sun zama 4, in ka ƙara biyu sun zama 2, kuma duk lokacin da lambar ta sauka transista tana jan wuta da yawa tana ɗaukar zafi har ta harbe. Sama da lambar ba matsala, ƙarfi ne kawai zai ɗan ragu, ƙasa da ita ne haɗari. Sifikar sitiriyo ma ba za ta yi maka daɗi ba, 'yar ƙaramar da ke samanta mai fitar da tsini za ta sa jitar ta yi kaushi kuma ita ce za ta fara ƙonewa. In fili kake son cikawa, ɗora amfilifayar kan kujera ko ka ɗan kishingiɗa ta baya ta fuskanci kunnenka, ka sa makirfo a gabanta ka ba mai manyan sifikun biki ya ɗaga ta daga wurinsa, kai kuma ka bar boliyum ɗinka wajen rabi.