Kabewar da ta tsallako danga

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta min bayan la'asar. Wai mangwaron maƙwabcinka ya miƙo reshe ta kan katanga, ganye na toshe maka indararo, inuwarsa ta hana alayyaho da tumatirin matarka tashi, shi ne kake tambaya ko a al'ada kana da ikon sarewa, kuma ko wanda ya faɗo a tsakar gidanka naka ne. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma da aka zo inda ka ce "mutumin gidan baya", sai dariyar ta tsaya. Shekara uku katanga ɗaya ta raba ku a Rigachikun, ko sunansa ba ka riƙe ba?

Bari in ba ka labarin wata kabewa.

A 1975 ne, damunar da Murtala ya karɓi mulki. Ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, kuɗin ƙarin albashin nan na Udoji ya shigo hannu, na sayi keke Raleigh sabo dal, kai ya kumbura. Muna Tudun Wada, gidan kakanka. Lokacin bayan gidan namu babu katangar bulo, dangar kara ce, da bini-da-zugu da aduruku da aka kakkafa a jikinta, su ne iyaka. Karan ya ruɓe a sake wani, itacen yana nan yana shaida. Ƙetaren dangar akwai wata tsohuwa Banufiya, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe da rasuwa. Ta shuka kabewa a gindin juji. Ka san kabewa in ta haɗu da juji da ruwan Agusta, ba ruwanta da iyakar kowa. Ta kama danga, ta haye rufin madafar Inna, ta sauko ta ɗaya gefen, daidai inda nake jingine keke.

Wata safiya na fito a makare, na tarar yaɗon ya nannaɗe ƙafar keken nan da nake gogewa sau biyu a rana. Raina ya ɓaci. Na ɗauko adda na bi ta na daddatse tun daga kan danga, na hau keke na tafi abina. Ko ɗaga kai ban yi ba, ashe 'ya'ya bakwai ne kwance bisa rufin, ba wanda ya ƙosa.

Da yamma na dawo na sami Baba a zaure kan buzunsa, an jera kabewoyin nan a gabansa kamar za a yi musu salla. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ɗauko kwando in zuba, in ɗora a kai. Ni mai albashi, gemu ya fara tsirowa! Na nufi danga zan miƙa ta sama, ya ce a'a, in zagaya ta titi in yi sallama ta ƙofar gida kamar ɗan mutane. Ga 'yan matan unguwa cike a bakin famfo. Hajiyarku na cikinsu, ba mu ko fara magana ba a lokacin. Har gobe in mun saɓa "mai kabewa" take ce min.

Na durƙusa a gaban tsohuwar nan na ajiye kwando. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, da Hausarta mai ɗan karkata, ai ta ga sun haye rufinmu tun suna ƙanana, ta riga ta ce a ranta waɗannan na Inna ne, in sun nuna ta yi taushe. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Daren nan Baba ya zaunar da ni. Ya ce tsiro na mai saiwa ne, ko ina ya kai kansa. In yaɗo ya shigo maka, ka ɗaga shi a hankali ka mayar masa. In ya yi ɗa a wajenka, ka aika a gaya wa mai shi, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya kwashe duka ba. Ya ce ran da gobara ta tashi, maƙwabci ne zai iso da bokiti kafin 'yan'uwanmu na Zariya su ji labari. Ya kawo hadisin nan da Mala'ika Jibrilu bai gushe yana wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba, har ya yi zaton za a ba shi gado. Bai ce a zauna da cuta ba, don malamai sun ba ka haƙƙin a kawar maka da reshen da ke cutar da kai. Sai dai a zamaninmu, in magana ta ƙi ƙarewa tsakanin mutum biyu, mai unguwa ke zuwa ya nuna wurin da sandarsa, mai bishiya ya sare da hannunsa. Wanda aka shigo wa ba ya taɓa gatari.

Ku kuwa yanzu kun ja katanga ta fi tsayin raƙumi, kun ɗora mata waya mai ƙaya, kowa ya kulle takardar filinsa ta KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, a akwati. Takardar tana da amfani, ban hana ba, amma ba ta karɓar gaisuwa. Na ji ma har hoton reshen ka ɗauka a waya. Wa za ka nuna wa, alƙali? Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa tasa?

Abin da ya kamata ka duba ma ba ka ambata ba, wato saiwa. Mangwaro da darbejiya in suna jikin katanga, ta ƙasa suke ɓarna, su tsaga bulo ko su shiga sokawe. In ka ga tsaga, wannan kada ka bari ta kwana, ka kira shi ya gani da idonsa.

Alayyahon kuwa a matsar da shi gaban gida mana, can da rana ke bugawa. Kuma wa ke sare mangwaro a hunturu yana cikin fure? Ba ka ma gaya min wane iri ba ne. In mai zare ne, haƙorana sun riga sun sallame shi. In ɗan aure ne, ka bar addar nan inda take tukuna, ni da Hajiyarku muna nan tafe cikin Afrilu.