Baba yana ƙwarewa ko da miyau ne: aikin maƙogwaro zai hana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki fiye da shekara guda. Tun daga nan duk abin da ya sha sai ya ƙware, har miyau. An sa masa roba ta hanci ana ba shi kunu, amma sau uku ke nan ana kwantar da shi saboda ciwon huhu. An ce mana akwai aikin maƙogwaro da ke hana haka. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Gaskiya ne, akwai. A wuya hanyar iska tana gaba, ta abinci tana bayanta. Duk haɗiya, maƙogwaro yakan ɗago, tantanin murya biyu su haɗe, wani ɗan murfi ya kife ƙofar iska. Cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwar Baba har ta shanye masa ɓarin jiki ce ta rikita wannan tsari. Robar hanci, ko wadda ake sawa kai tsaye ta ciki, abinci kawai take kaucewa da shi. Miyau yana nan yana gangarawa huhu dare da rana da ƙwayoyin cutar baki. Huda wuya a sa bututun numfashi ma ba ya tsayar da shi gaba ɗaya. Kuma don Allah kada a kai shi wurin wanzami a ce beli ne. Yanke beli ba abin da zai ƙara masa sai jini da rauni.

Kafin maganar wuƙa, sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura siririyar kyamara ta hanci ya ga yadda yake haɗiya. Ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan ana bukata za a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Idan tantanin murya ɗaya ne ya shanye, abin da sauƙi: a yi masa allura ko a sa ɗan abin tokare a matso da shi tsakiya, murya ma ta gyaru. Wani lokaci naman bakin hanyar abinci ne ya ɗaure, a tsaga shi ya saki.

Amma wanda miyau ke gangara masa huhu ba tsayawa, abin da ke warware matsalar shi ne raba hanyoyin biyu. A 1975 likita Lindeman ya bayyana aikin da ake yanke bututun iska a ƙasan maƙogwaro, a fito da ɓangaren ƙasa ta rami a gindin wuya don numfashi, na sama a jona shi da hanyar abinci. Daga baya aka sauƙaƙa, ana ɗinke na saman a rufe shi maimakon a jona shi da hanyar abinci. Akwai ɗinke tantanin murya, sai dai ɗinkin yakan warware. Na ƙarshe shi ne cire maƙogwaro ɗungurungum, wanda ba a mayarwa. Raba bututun kuwa an taɓa mayar da shi ga waɗanda suka warke, amma ban so ku dogara da wannan bayan shekara guda.

Abin da ake rasawa idan an raba hanyoyin shi ne murya. Iska ba za ta ƙara bi ta tantanin ba, don haka Baba ba zai yi magana ko karatu a bayyane kamar da ba. A madadin haka huhu ya huta, kuma da yawa sukan koma kurɓar fura da koko ta baki, gwargwadon ƙarfin harshe. Ramin wuyan yana son kula: a rufe shi da ƙyalle mai tsabta saboda ƙurar hunturu, a kiyaye ruwa lokacin wanka, a riƙa share majina.

Shi ya sa nake duba maganarsa tukun. Idan cutar ta riga ta ɗauke ta, asarar kaɗan ce, kuma ina goyon bayan aikin in zuciyarsa za ta ɗauki maganin barci. Idan yana magana ana ganewa, ku zaunar da shi gaban likita, a faɗa masa komai, shi ya yanke. Kafin nan, a riƙa goge masa baki da harshe safe da yamma, a jingine shi a zaune lokacin ba da abinci da rabin awa bayansa, kuma da zarar zazzaɓi ko haki ya taso a wuce asibiti.